Yadda Aka Sa wa Rami Sunana

Jiya da la'asar ina wucewa ta fadarku ta shan shayi a bakin tasha, ɗaya daga cikinku, mai wandon nan da ya matse shi har ba ya iya durƙusawa, ya ce wai aikina ba aiki ba ne. Wai katafila da ƙafarta take hawa mota, ni nawa ɗaga hannu ne kawai. Wani ya ƙara da cewa rashin abin yi ne ya sa nake yawo da sandar ƙarfe ina sokar ƙasa kamar mai kalar gyaɗa. Kuka yi dariya. Ban tanka ba, don in na tsaya shayinku zai huce, kuma dafa shi kaɗai kuka iya. Na dawo gida na ari bik wurin ɗiyata na rubuta. Aji shida na tsaya a lekol, wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara wa kansa.

Sunana Ilu. Daga Damagaram na zo Diffa ina saurayi. Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa portashar, wato doguwar motar nan mai bayan da ya kusa taɓa ƙasa, wadda ake ɗora wa manyan injuna. Ni ke tuƙi, ni ke ɗorawa, ni ke ɗaurewa. Patoronmu, wato mai kamfanin, yana da doka guda, kuma ranar da ka fara aiki yake gaya maka ita: duk wanda ya kada inji daga kan mota, ya ajiye makulli bisa tebur ya kama gabansa, ba sai an yi shari'a ba. Na ga direbobi huɗu sun ajiye. Ni kuwa shekara goma sha tara makullina yana aljihuna, har ya huda mini aljihun riga uku. Abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya, ba ni da wani.

Wanda ya koya mini aikin Baba Ari ne, Babarbare mutumin Maine, Allah ya jiƙansa. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa sitiyari ba, bai bar ni na taɓa sarƙa ba. Guntun ƙarfe ya ba ni, ya ce in riƙa ƙwaƙule laka daga ƙafafun katafila. Ina da permin tuƙi a aljihu, ina durƙushe cikin taɓo ina yi wa inji wankin ƙafa. Ran da na gaji na yi magana, sai ya sa na ɗebo lakar kogin Komadugu na shafa a kan ramp, wato matakan ƙarfe biyun da inji ke bi ya hau mota. Ya ce in hau da ƙafata. Taku biyu na yi na tsinci kaina a zaune. Ya ce, "Kai kilo nawa ne?" Na ce sittin. Ya ce, "Ita tan ashirin da biyu. In ta zauna, bisa wa za ta zauna?" Daga ranar ban sake ƙorafi ba.

Wata ranar kasuwa a Maine muka je ɗaukar wata katafila mai gyaran hanya. A nan na ga babbar matsalar aikin nan, kuma ba injin ba ne, jama'a ne. A ƙasar nan ba a ganin mutum yana aiki a ƙyale shi. Kafin mu sauke ramp mutum talatin sun kewaye mu, kowa ya zama gwani. Wannan yana cewa dama, wancan yana cewa hagu, mai sayar da dabino yana cewa taho, wani Bafillace da bai taɓa shiga mota ba yana kaɗa sanda yana cewa tsaya. Shi kuwa wanda ke cikin injin ba ya ganin ƙafafunsa, ba ya ganin bakin mota, hannun mutum ɗaya kaɗai ya kamata ya kalla. In ya kalli hannu biyu, an gama.

Baba Ari bai kori kowa ba. Ya san in ka kori mutum gaban jama'a ka yi maƙiyi, kuma ba zai tafi ba. Sai ya duba wanda ya fi kowa murya, ya ɗauki wani guntun katako daga mota, ya ja mutumin taku arba'in, ya dafa katakon a ƙasa ya ce, "Malam, kai na ga ka fi su hankali. Danne wannan da hannu biyu. Kada ka sake shi. In ka sake, mun mutu duka. Kuma kada ka bar kowa ya wuce gabanka." Mutumin ya durƙusa ya danne katako, gumi yana zuba, yana daka wa jama'a tsawa su koma bayansa. Cikin minti ɗaya fili ya zama namu. Katakon nan ba ya haɗe da komai. Da Baba Ari ya bar aiki shi ya bar mini gado, kuma ya fi mini amfani bisa rabin kayan da ke cikin akwatin mota.

Ga yadda ake yi, tunda kun ce hawa ne kawai. Ka samu ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. Ka ja birki, ka tokare tayoyi. Ka share ƙafafun inji, ka share ramp, ka shimfiɗa katako ko tsohuwar taya, don ƙarfe bisa ƙarfe ba ya riƙe amana. Ka daidaita injin sosai tun yana ƙasa, don wanda ya karkata shi yana tsakiyar ramp ya nemi asibiti. Kai kuma ka hau wuyan mota inda mai injin ke ganinka, ka kira shi da hannu a hankali. Akwai wani wuri a saman ramp inda katafila ke miƙewa, gabanta a sama, ba ta ƙasa ba ta mota, sannan ta sunkuyo. Daƙiƙa uku ne. A cikin daƙiƙa ukun nan duk nauyinta yana bisa tayoyin baya na mota, kuma a nan ne ƙasa ke faɗin gaskiyarta. In ta wuce, a juya hannun injin, a kwantar da bokitinsa bisa katako, a kashe. Sarƙa huɗu a kusurwa huɗu, a giciye, a matse da tandar, ƙarfen jan sarƙa, har in ka buga sarƙar da ƙarfe ta yi ƙara siririya. Ta biyar a bokiti. Ka yi tafiya kaɗan ka tsaya ka sake matsewa, don sarƙa tana saki da zarar ta ji hanya. Sannan ka san tsawon kayanka, don wayoyin lantarkin garin nan kowa da inda ya ga dama ya rataya tasa.

Masu ba da aiki kuwa, kada ku tambaya. Wani Alhaji ya taɓa hayar motar daga Ngelbeli, da na gama ɗaurewa sai na ga ana jido buhunan kanwa ana zubawa cikin bokitin katafila, an kuma kawo tsohuwa biyu da akuya za a zaunar da su ƙarƙashin injin, wai akwai inuwa. Na ce ba za a yi ba. Ya ce ai shi ya yi hayar motar dukanta, har da inuwar. Na zauna gindin bishiya na ce to ya tuƙa. Sai da rana ta take ya sauke su, yana cewa direbobin yanzu ba su da tausayi.

Shekarar da aka hana babur aka hana cinikin tattasai, ku kuna yara, ba ku san abin da aka sha ba. Shantiye, wato wuraren aiki, duka suka tsaya, ba mai gina hanya, ba mai haƙa komai. Portashar ta yi wata da watanni a garaji har kaza ta yi ƙwai ƙarƙashin ramp ta ƙyanƙyashe. Da aiki ya ɗan motsa, tankunan ruwa da murafen masai nake kai wa ƴan gudun hijira a Gagamari, da motar da aka ƙera don tan talatin. Ko su sai na ɗaure su a giciye, ana yi mini dariya. A cikin mutanen da suka ƙetaro kogi ne na samu Kyari. A can ƙasarsu direban katafila ne, a nan yana tallar albasa. Na kai shi wurin patoro. Ban taɓa aiki da mai sanyin hannu irinsa ba. In na ɗaga yatsa ɗaya, taku ɗaya yake yi. Kuma in ban ɗaga ba, ko Gwamna ya yi masa magana ba ya motsi.

Yanzu ga labarin sandar.

Wata shekara Komadugu ta cika ta yi hauka, aka tura Kyari da katafila mai hannu ɗaya wani gari na manoman tattasai can gaba da Gagamari, ya yi musu dig, wato bangon ƙasa mai tare ruwa. Sunan garin ba zan faɗa ba, mutanen kirki ne. Kwana goma sha biyu ya yi yana tara ƙasa, ruwa ya zo ya daki bangon ya koma, gonaki suka tsira. Aka ce in je in ɗauko injin. Na je tun ana gobe don in duba wurin ɗorawa. Bulama, wato mai garin, dattijo mai farin gemu da ake ce wa Ba Bulama don girmamawa, shi da kansa ya zagaya da ni. Na samu filin da suke shanyar tattasai, ƙasa ta daskare kamar siminti, shekara da shekaru ana takawa. Aibinsa guda, ya ɗan gangara ta dama, abin da katako biyu ƙarƙashin taya za su gyara. Na buga da diddige na ce, cikin gunaguni irin nawa, "Ba laifi. Da dai ya fi haka daidaituwa."

Bulama ya ce, "Malam Ilu, daidai kake so?"

Na ce, "Ba Bulama, kowane direba daidai yake so." Na shiga mota na komo Diffa. Ban sake tunawa da maganar ba.

Washegari da hantsi na iso da portashar, tare da injiniyan aikin, wani yaro da ya gama karatu a Yamai, muna kiransa Shef, da sojojin rakiya waɗanda suka ce kafin azahar za su juya, da mu ko ba mu. Ina shan kwanar shiga gari na ga fili ban gane shi ba. Fari tas, an shimfiɗa masa yashin kogi, an zagaye shi da duwatsu, shafaffe kamar faranti. A gefe an baza tabarmi, dattawa sun zauna cikin manyan riguna, mata sun jeru can baya, ana dafa shayi. An ɗaure rago.

Na sauka na taka filin. Diddigena ya ji abin da bai so ba. Ƙasa ta amsa mini, alhali jiya ba ta amsa ba.

Na gaida Bulama, muka yi wushe-wushe, sannan na ce, "Ba Bulama, me aka yi wa wurin nan?"

Fuskarsa ta cika da murna. Ya ce, "Abin da ka ce. Tun sallar asuba mutum sittin da fartanya. Mun sare tudun hagu mun cike kwarin dama."

Na ce, "To yaya kuka san ya daidaita?"

Ya dube ni yadda ake duban yaro. Ya ce, "Malam Ilu, mu manoman tattasai ne. Da ruwa muke awo. Mun yi masa kunya kewaye, mun tada motopomp biyu, injinan ban ruwanmu, mun cika shi kamar fangali. Inda ruwa ya taru mu ƙara ƙasa, inda ya guje mu rage. Sau uku. Da ruwa ya kwanta ko'ina daidai muka buɗe masa ya fita, mata suka zuba busasshen yashi don kada takalminka ya ɓaci."

Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Mutanen nan ba su yi wauta ba. In tattasai za a dasa, babu fili irinsa daga nan har Zinder. Sun ba ni mafi kyawun abin da suka iya. Sai dai ni ba tattasai na zo dasawa ba.

Shef ya ciro ma'auninsa mai ɗigon ruwa ya aza a ƙasa, ya juya shi gabas, ya juya shi kudu. Ɗigo yana tsakiya. Ya ce, "Tsoho, ka ga aiki? Ko a Yamai ba a samun haka." Ya tafa wa Bulama, jama'a suka ɗauka.

Na ja shi gefe na ce, "Shef, ƙarƙashin yashin nan kunu ne."

Ya ce, "To me kake so a yi?"

Na ce Kyari ya taka injin zuwa hanyar jan tsakuwa, a can mu ɗora. Ya duba agogo. Tafiyar katafila zuwa can ta fi awa guda, sojoji ba za su jira ba. Ya ce, "In ba ka yarda da filin ba, je ka gaya wa Bulama da bakinka. Ga shi can."

Na juya. Ga dattijo yana tsaye da laka har gwiwar wandonsa, shi ma ya riƙe fartanya tun asuba. Ga mutum sittin da tafin hannu a kumbure suna kallona, suna jiran in ce madalla. Ga rago. Abin da ya kamata in faɗa kalma bakwai ce: aikinku ya lalata wurin, ku yi haƙuri. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Ba Bulama."

Kyari ya zo kusa da ni yana goge hannu. Ya ce, "Oga Ilu, wannan fili ya yi kyau da yawa. Ni ba na son abu mai kyau da yawa."

Na ce, "Mota za ta gaya mana."

Na shigar da portashar a hankali, ba kaya, ta tsaya cak, ko tayar ba ta nutse ba. Na ce wa raina ka gani, fartanya ba ta shiga da nisa. Na jera duk katakon da nake da shi ƙarƙashin tayoyin dama. Na share ƙafafun inji da hannuna har suna ƙyalli. Duk abin da Baba Ari ya koya mini na yi shi, ban da na farko, wato ƙasa mai tauri.

Jama'a suka fara matsowa, kowa da hannunsa a sama. Wanda ya fi murya ƙanen Bulama ne, Modu, ƙato mai wuya kamar turmi. Na ɗauko katakon gado na ja shi taku hamsin, na ƙara goma saboda abin da diddigena ya ji. Na ce, "Ya Modu, danne wannan da hannu biyu. In ka sake, mun mutu. Kada kowa ya wuce gabanka, har Bulama." Ya durƙusa ya danne. Ya kori garin duka bayansa, da tabarmi da shayi da rago. Wannan kaɗai ne abin da na yi daidai a ranar, kuma shi ya sa ba a yi jana'iza ba.

Na hau wuyan mota na kira Kyari. Ya taho, taku, taku, a miƙe kamar an ja zare. Ya hau ramp. Ya kai wurin nan da na gaya muku, gaba a sama. Sai na ji motar ta yi ajiyar zuciya ƙarƙashin ƙafata. Tayoyin dama, gefen da aka cike, suka fara shiga ƙasa tare da katakon da na jera, ruwa yana ɓulɓulowa ta cikin farin yashi. Na dunƙule hannu, Kyari ya tsaya. Tsayawar ba ta yi amfani ba. Ba faɗuwa ta yi irin ta sinima ba. A hankali ta zame, ƙarfe yana kuka bisa ƙarfe, Kyari ya kai bokiti ƙasa don ya tokare, bokitin ma ya nutse. Ta karkata, ta ƙara karkata, ta kwanta bisa haƙarƙarinta na dama kamar raƙumin da ya gaji da ubangidansa. Laka ta tashi ta sauka bisa farar rigar Shef.

Injin ya mutu. Can sai ƙofar ɗakin direba, wadda yanzu take kallon sama, ta buɗe. Kyari ya fito kamar mai fitowa daga rijiya, da butar shayinsa a hannu, ya zauna bisa injin ya duba jikinsa. Ya ce, "Oga, mota ta gaya mana."

Daga nesa muka ji muryar Modu, har yanzu yana durƙushe, jijiyoyin wuyansa a tashe. Ya ce, "Jama'a ku shaida, ni dai ban sake ba."

Kwana biyu aka yi, da wata katafila da igiyar ƙarfe, ana haƙa ana ja, kafin a tada ta. Gilashi ya fashe, gefe ya lotse, mai ya shiga inda bai kamata ba. Shef ya rubuta rahoto cewa an auna fili an same shi daidai. Ba ƙarya ya yi ba, daidai ɗin ne. Na shiga ofis, patoro bai ɗaga kai ba, ya nuna tebur da bik. Na ce shekara goma sha tara. Ya ce ya sani, shi ya sa bai kira jandarma ba. Na ajiye makulli.

Bayan kwana uku sai ga Bulama a Diffa, da Modu, da ragon nan. Suka zauna ƙofar ofis tun safe. Bulama ya ce wa patoro laifinsu ne, su suka jiƙa ƙasa, a mai da wa Malam Ilu makullinsa. Patoro ya tarbe su da mutunci, ya ce maganar dattijo ba ta faɗuwa ƙasa, zai duba. Ya karɓi rago. Har yau yana dubawa. Ni kuma suka biyo ta gidana da buhun busasshen tattasai. Wata takwas muna cin jar miya, safe da dare, har ɗiyata ta ce ita ko ganin jan ƙyalle ba ta so.

Kafin ya tafi Bulama ya riƙe hannuna a zaure ya ce, "Malam Ilu, ka san ƙasar ba ta da kyau?"

Na ce, "Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Kunyarku."

Sai ya ce, "Da ka faɗa, da mun ji haushi yini ɗaya." Ba wanda ya taɓa zagina da abin da ya kai wannan zafi, kuma shi ba zagi ya yi ba.

Washegari na je wurin maƙeri na sa ya yanko mini rodi mai tsawon ƙirjina, ya fiƙe bakinsa, ya lanƙwasa mariƙi. Ita ce sandar da kuke yi wa dariya. Yanzu ba ni da mota. Masu portashar ne ke kirana in za su ɗora abin da suke tsoro, in ɗora, in ɗaure, su sallame ni, yaran da ba su kai shekarun permina ba, su tuƙa. Duk inda na je, kafin in gaida kowa sai na soki ƙasa.

Bara aka sake kirana garin nan, wata katafila ce za a ɗauko. Na shiga motar kasuwa. Ramin da aka haƙa don tada waccan ba a cike shi ba, ruwa yana taruwa a ciki, awaki suna sha, har an dasa bishiya a bakinsa. Muna kusa sai na ji mai karɓar kuɗin mota yana cewa, "Ramin Ilu, akwai mai sauka?" Shekara goma sha tara ina ɗora injuna lafiya daga Maine har bakin tafki, ko lungu ba a sa wa sunana ba. Na kada guda ɗaya, na samu tasha.

Wani mai hula kusa da ni ya ga ina kallon ramin, ya ce, "Baƙo ne kai? Wani direba ne ya kada katafila a nan. Wai bai iya aiki ba."

Na ce, "Na san shi. Aiki ya iya. Magana ce bai iya ba." Na sauka.

Bulama ya ƙara tsufa amma ya gane ni. Bayan gaisuwa ya kai ni wani fili bayan masallaci, ya rantse ba wanda ya taɓa shi, sai dai jiya yara sun ɗan share, mata kuma sun ɗan yayyafa ruwa saboda baƙi. Kaɗan, in ji shi. Dattawa suna tsaye, Modu yana tsaye, har ya fara naɗe hannun riga yana neman katakonsa. Na miƙa wa Bulama sandar, na ce, "Ba Bulama, taimake ni, kafaɗata tana ciwo. Soka mini nan."

Ya kama da hannu biyu ya danna. Sanda ta shige har rabi ba tare da ya yi nishi ba. Ya tsaya yana kallonta. Ya zaro ta, ya dubi lakar da ta biyo, ya juya wurin jama'arsa ya ce, "Wannan wuri bai yi ba. Wa ya ce a zuba ruwa?" Shi da kansa ya shiga gaba, yana tafe yana soka, gari duka yana biye da shi, har muka kai wani mummunan fako bayan gari inda jakuna ke birgima, ko'ina kashin awaki. Ya danna, sanda ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ya ce, "Nan."

A nan muka ɗora. Modu ya danne katako. Ba a ji haushin kowa ba, ko na yini ɗaya.

Sai ku ci gaba da dariya. Mai matsattsen wandon nan kuwa, in yana ganin hawa ne kawai, ranar Laraba akwai katafila a hanyar Gagamari. Ya zo da wandon da zai iya durƙusawa da shi. Guntun ƙarfen ƙwaƙular laka yana nan, na ajiye.